Amsoshin Tambayoyinku: Tsallen Ido da Ƙwaƙwalwa

Malama Hadiza daga Zariya tana tambaya: wai da gaske ne ido ba ya zama wuri guda?

Da gaske ne, Malama Hadiza. Idon mutum, haka ma na biri, yana tsalle kamar sau uku kowace daƙiƙa, kuma ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarnin wannan tsalle. A 1972, masanin Amurka David Robinson ya taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwar biri da lantarki kaɗan, nan take idon ya zabura gefe.

Yayin tsallen kuwa, ƙwaƙwalwa tana dusashe gani. Ki gwada a madubi: ki dubi idonki na dama, sannan na hagu. Ba za ki ga motsinsu ba, amma na kusa da ke zai gani sarai.