Shiga Aikin Tsara Manufofin Gwamnati Daga Gaya Da Ajingi

Aikin tsara manufofin gwamnati daga mazaɓa yake farawa. Matashin Gaya ko Ajingi ya fara sanin unguwarsa ciki da bai: rijiyar burtsatse nawa ke ba da ruwa, wane asibiti ne ba shi da ungozoma, aji nawa aka bari ba rufi. Ya rubuta a shafi guda, da adadi, domin kansila ya fi sauraron takarda a kan hayaniya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba shi damar neman takardun hukumomin tarayya a rubuce.

Ya riƙa halartar laccocin Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero a Gwammaja. Takara kuwa ba a yi mata gaggawa, ko da yake tun 2018 ɗan shekara 25 na iya neman kujerar Gaya/Ajingi/Albasu a Majalisar Wakilai.