Tsohuwar Jaguar da Motar Iyali: Nasihar Bakanike

Shekarun da na yi a gareji ina kwance injuna ina ɗaurawa sun sanar da ni wata mas'ala wadda nake ganin wajibi ne in bayyana ta ga 'yan'uwa magidanta, domin rayukan iyalinsu amana ce a wuyansu. An taɓa kawo mini gyaran wata tsohuwar Jaguar E-Type, irin wadda aka fara fitarwa a Ingila a 1961, mai kujera biyu da dogon hanci da sitiyarin katako, kuma na kwana biyu ina daidaita kafiretocinta guda uku da kunne, ina sauraron numfashin kowace ɗaya har muryoyinsu suka zo daidai. A zamaninta ana lissafa ta cikin mafi gudun motocin duniya, ga ƙarfin doki 265, ga gudun da ya kai wajen kilomita 240 cikin sa'a guda, kuma da zarar ka taka totur, ƙara da girgiza da warin fetur za su tunatar da kai cewa kana bisa hatsari.

To, abin mamaki shi ne, Toyota Camry ta 2018 mai silinda shida, wadda magidanci ke kai yara makaranta da ita, tana da ƙarfin doki 301, wato ta ɗara wancan ingarma, alhali kuwa tana tafiya shiru cikin sanyin iska, har direba ya wuce kima bai sani ba. Nan ne fitinar take.

Haƙiƙa motar zamani ta fi tsaro nesa ba kusa ba, gama tana da bel mai kama kafaɗa da ƙugu, wanda Nils Bohlin ya ƙago wa Volvo a 1959, da gaban da aka tsara ya lanƙwashe ya shanye karo, da birkin ABS mai hana taya kullewa, da jakunkunan iska. Amma duk wannan hikima ba ta amfanar wanda ya saɓa sharaɗinta, domin sau da yawa nakan buɗe sitiyarin motar Beljiyam, wato motar hannu da aka shigo da ita daga waje, in tarar jakar ta riga ta fashe, an cusa tsumma a gurbinta, an kuma kashe fitilar gargaɗi don mai saye kada ya gane.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, idan ka murɗa makulli ka dubi fitilun jakar iska da na ABS: su kama, sa'an nan su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. In sun ƙi kamawa, ko sun ƙi mutuwa, nemi amintaccen bakanike. Ɗaura bel, zaunar da yara a baya, riƙa duban allurar gudu, ka cika sababi sa'an nan ka yi tawakkali. Allah ya kiyaye hanya.