Ƙasar Turkiyya: Abin da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani

Duk ɗan Nijeriya da zai tashi daga Abuja zuwa Santambul, ko don fatauci ko don neman ilmi, ya sani cewa ƙasa ce mai dogon tarihi zai taka. Rumawa sun daɗe suna mulkinta kafin Turkawa, waɗanda asalinsu mutanen tsakiyar Asiya ne, su kwararo cikinta bayan yaƙin Manzikat na 1071. A 1453 Sarki Muhammadu na Biyu ya ci Santambul da yaƙi. A 1923 Mustafa Kamal ya kafa jamhuriya, Ankara ta zama babban birni.

Zumuncinsu da ƙasar nan ba na yau ba ne. Mai Idris Aloma na Barno ya aika jakadu Santambul, Sarki Muradu na Uku ya amsa masa da wasiƙa a 1577.

Turkawa mutane ne masu kishin tarihinsu. Dokarsu ta hana fita da kayan tarihi, ko da tsohon tsabar kuɗi ne ko ɓallin dutse daga kufai, ta kuma hana cin mutuncin Mustafa Kamal. Wanda ya saɓa, ana iya ɗaure shi. Don haka matafiyi ya kiyaye, gama da halinsa za a auna ƙasarsa.