Daular Chola da Tukunyar Ƙauyen Uttaramerur

Darasinmu na tarihi a yau zai kai mu kudancin Indiya, ƙasar Tamil, wurin gidan sarautar Chola.

Gida ne mai tsohon asali. Rubutun da Sarki Ashoka ya sa aka sassaƙa a kan duwatsu, tun ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya ambace su. Daga baya tauraronsu ya dusashe, sai wajen shekarar 850 Vijayalaya ya kama birnin Thanjavur ya farfaɗo da gidan. Ƙarfinsu ya kai ƙololuwa a zamanin Rajaraja na Ɗaya (985 zuwa 1014), wanda ya ci arewacin Sri Lanka. Ɗansa Rajendra kuwa, rundunarsa ta kai har Kogin Ganges, kuma a 1025 jiragen ruwansa suka tsallaka teku suka far wa daular Srivijaya a tsibirin Sumatra. A 1279 maƙwabtansu Pandya suka kawo ƙarshen mulkin.

To, ni abin da na fi so mu tsaya a kai yana wani ƙauye mai suna Uttaramerur. A jikin bangon wani wurin bauta a can akwai rubutu na wajen 920, zamanin Sarki Parantaka na Ɗaya, da ya bayyana yadda ake zaɓen masu riƙe al'amuran gari. An raba ƙauyen unguwa 30. A rubuta sunayen waɗanda suka cancanta a ganyen kaba, a zuba cikin tukunya, a kira yaro ƙarami ya sa hannu ya zaro a gaban jama'a. Daga cikinsu ake kafa kwamitin tafki da na lambuna da sauransu.

Ku saurari sharaɗin. Shekarun mutum su kasance tsakanin 35 da 70. Wanda ya riƙe muƙami cikin shekara uku da suka wuce, ya jira. Wanda kuma ya riƙe bai kawo lissafin dukiyar jama'a ba, ba za a ƙara sa sunansa a tukunya ba, har da danginsa na kusa!

Kar mu wuce gona da iri wajen yabo. Wannan tsari na Brahmanawa ne masu gonaki, talaka ba ya ciki. Amma dai sun gane cewa tafkin da ake ban ruwan shinkafa da shi, in mai riƙonsa ya cinye kuɗin yasa, gari ne zai kwana da yunwa. Shi ya sa suka ɗaure lissafi da dutse.

Ɗan uwa, kai da aka damƙa wa asusun ƙungiya ko kuɗin gyaran rijiyar unguwa, yaushe rabonka da ka karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita? Ku kuma masu zuba kuɗin, tambaya ba rashin kunya ba ce, haƙƙinku ne.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Mu haɗu a darasi na gaba.