Idan Abokinka Ya Gayyace Ka Kallon Ƙwallon Jami'a a Amurka

Ɗalibin da ya sauka a babbar jami'ar Amurka a watan Agusta, da wuya ya yi wata biyu wani abokin karatu bai ce masa, "Akwai wasa ran Asabar, zo mu je" ba. Shawarata ita ce ka amsa, ko da ba ka taɓa ganin wannan ƙwallo da ake runguma a ƙirji ana gudu da ita ba. Gayyatar tana da nauyi a wurin Amurkawa. Tun 1869, da Rutgers ta kara da Princeton, jami'o'i ke wannan gasa, kuma akwai gidajen da kaka da uba da jika duk ƙungiya ɗaya suke bi. Filin Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor yana cin mutum 107,601. Wanda ya samo maka tikiti a irin wannan wuri ya karrama ka.

Amma ka ware wunin gaba ɗaya. A agogo wasan minti 60 ne, zango huɗu na minti 15, sai dai ana tsayar da agogon a kai a kai, a jira tallar talabijin, har abin ya wuce awa uku. Ga Musulmi, a nan ne shirin ya fi muhimmanci. Wasan da aka fara da sha biyun rana a watan Nuwamba yana cinye lokacin Azahar baki ɗaya, ya shiga La'asar, kuma filaye da yawa ba sa barin wanda ya fita ya dawo. Ka yi alwala kafin ka shiga. Hutun rabin lokaci minti 20 ne. Ka sauka ƙarƙashin rumfar kallo, ka tambayi ma'aikatan filin wani lungu da ba a cika wucewa ba. Ka gaya wa abokinka tun a gida cewa za ka tashi a lokacin, don kada ya zaci wasan ne ya gundure ka.

Abinci ma tun a gida ake maganarsa. Sa'o'i kafin wasa, mutane suna cika wuraren ajiye motoci, su buɗe bayan mota, su kafa rumfa, su hura gawayi. Hayaƙin gashi ko'ina, kiɗa na tashi, wanda bai san ka ba zai miƙo maka faranti. Yawancin tsiran-alade da ke kan wutar nan naman alade ne, giya kuma tana yawo. Kada wannan ya hana ka zuwa, domin a nan ne za ka gaisa da iyayen abokinka da tsofaffin ɗalibai, kuma a ganina wannan zaman ya fi wasan kansa amfani. Ka ce masa, "Ba na cin alade, ba na shan giya," shi ke nan. Idan da hali, ka zo da naka naman halal da yajinka, a shimfiɗa takardar gashi a gefe guda. Sau da yawa naka ne zai fara ƙarewa.

Ka tambayi launin ƙungiya kafin ka sa kaya. Na Michigan rawaya ne da shuɗi, na Ohio State ja da toka-toka, kuma tun 1897 suke adawa. Shiga tsakiyar ɗaliban Michigan da jar riga neman magana ne. Sanyin ƙarshen kaka kuwa ba a yi masa ganganci: safa biyu, safar hannu, hula mai rufe kunne, riga kan riga. Bencin ƙarfe ne babu abin jingina, ɓangaren ɗalibai ma a tsaye ake kallo har a tashi. Ka bar jaka a ɗaki, don wasu filaye sai wadda ake ganin cikinta suke karɓa, wasu kuma ba sa karɓa sam. Tikitin a waya yake, ka sauke shi tun kana gida, ka cika caji, ka riƙe katin banki.

Dokokin suna da yawa, amma guda ɗaya ta ishe ka a ranar farko. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi goma, tsawon shaddar da ake kai wa tela. Idan ta cika, a ba ta wasu huɗu. Idan ta gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Shi ya sa idan dama ta uku ta wuce ba a cika ba, yawanci sai a doka ta can nesa. Kai ƙwallo gidan ƙarshe maki 6 ne, da ƙarin 1 ko 2 bayansa. Doka ta tsakanin dogayen turaku maki 3. Idan alƙalin wasa ya jefa ƙyalle rawaya, an yi laifi. Rawayan layin da ake gani a talabijin, mai nuna inda yadi goman zai cika, babu shi a fili, sai ka duba mutanen da ke riƙe da sanduna masu ruwan lemo a gefe.

Ihu ma da ƙa'idarsa. Idan naku ke da ƙwallo ana yin tsit don 'yan wasa su ji umarni. Idan baƙi ke da ita, musamman a dama ta uku, sai a ɓarke da hayaniya don a rikita su. Tambayoyinka ka adana su sai an tsaya talla, a lokacin abokinka zai ji daɗin yi maka bayani.

Kafin a fara, ku tsayar da wurin haɗuwa idan kun rabu, ka rubuta lambar ƙofa da ta layinku a takarda. Idan dubban mutane suka fito lokaci guda, waya takan ƙi shiga, mota kuma ba ta motsi, don haka ku shirya takawa da ƙafa zuwa nesa da filin kafin ku nemi abin hawa.