Ƙarin Kariya a Kan Takaful na Iyali: Bayani ga 'Yan Kasuwar Kwastam

Mafi yawan waɗanda ke karɓar takardar inshorar rai, ko ta takaful na iyali, daga hannun irinmu wakilai, tambaya guda suke yi kafin su sa hannu, wato nawa za a bai wa iyalinsu idan ta Allah ta kasance. Alhali kuwa abin da aikin nan ya nuna mini a tsakanin rumfunan Kasuwar Kwastam ta Maiduguri, wadda wasu ke kira Kasuwar Gamboru, shi ne cewa musibar da ta fi saurin karya gidan ɗan kasuwa ita ce ya kasance yana raye amma ba ya iya fitowa, ga bakunan da yake ciyarwa ba su ragu ba, ga kuɗin magani ya hau kansu, ga rumfa a hannun yaro. Asalin yarjejeniya ba ta san da wannan hali ba, domin sharaɗinta rasuwa ne ko cikar wa'adi. Saboda haka aka tanadi ƙarin kariya, wato wasu sharuɗɗa na zaɓi waɗanda mutum ke ratayawa a jikin yarjejeniyarsa da ɗan ƙarin zubi, kuma su ne maƙasudin wannan bayani.

Amma da yake babu rumfar da zan zauna ba a fara tambayata hukuncin abin a shari'a ba, wajibi ne in gabatar da wannan. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, ta kuma halatta ta taimakekeniya wadda aka gina bisa tabarru'i, wato kyauta don Allah. Kamfanin farko na irin wannan an kafa shi a Sudan cikin 1979, mu kuwa nan Nijeriya hukumar kula da inshora, wato NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. Yadda abin ke tafiya, zubin mutum kashi biyu ake yi masa: kashi guda ajiyarsa ce da ake juyawa ta hanyar halal, ɗaya kashin kuwa yana shiga asusun jama'a wanda daga cikinsa ake ɗauke wa wanda jarrabawa ta sama. Kuɗin ƙarin kariya cikin wannan asusu na biyu yake faɗawa, don haka kada wanda ya zuba shi ya sa ran za a ƙirgo masa shi a ƙarshen wa'adi, sai dai abin da ya samu daga rarar asusun idan an yi rara.

Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi, mutum mai kiyaye alkawari, wanda bai taɓa bari wata ya wuce bai yi zubinsa ba. Ranar da muka cika takardarsa na karanta masa sharaɗin ɗauke zubi, sai ya ce, “Malam, bar shi haka nan, in na mutu a ba yara, in ina da rai ai ina da hannu.” Daga baya hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Da na je gaishe shi na tarar da shi kan tabarma a zaure, an jingina shi da matashi, takardar tana cikin leda a ƙarƙashin kansa, babban ɗansa kuwa yana tambayata ko akwai abin da za a samu. Abin da na iya gaya masa shi ne za su iya cire ajiyar da ta taru, wadda ba ta taka kara ta karya ba, kuma idan zubi ya tsaya har kwanakin rangwame suka ƙare, waɗanda galibi 30 ne, kariyar kanta tana iya faɗuwa. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin ƙarin da ya ƙi ɗin kaɗan ne ƙwarai a kan abin da yake zubawa.

Wannan sharaɗi na ɗauke zubi shi nake fara yi wa kowa nasiha da shi, ko da ba zai ɗauki wani ba. Ma'anarsa, idan likita ya tabbatar mutum ya nakasa ta yadda ba zai iya neman abinci ba, asusun jama'a zai ci gaba da zuba masa, yarjejeniyarsa ta zauna daram har wa'adinta. Ga wanda ya yi tanadin don karatun 'ya'yansa kuwa, akwai irinsa da ke aiki idan uban ya rasu, yaro ya sami kuɗin makarantarsa a lokacin da aka ƙayyade. Ƙarin kariya na biyu shi ne na nakasa ta dindindin, wanda ke biyan kuɗi dunƙule idan mutum ya rasa gani ko gaɓoɓi. A nan sai a lura da lafazi ƙwarai, domin wata takardar cewa take yi sai mutum ya kasa yin kowace irin sana'a, wata kuwa sana'arsa da aka san shi da ita, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai tazara mai nisa ga tela ko mahauci wanda ya rasa hannun dama amma yana iya zaman jiran shago.

Sai na manyan cututtuka, wanda ke biya tun mutum yana raye da zarar an tabbatar da ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa, irin su sankara, bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da gazawar ƙoda. Mu mutanen Borno da Yobe ba ma bukatar a ba mu labarin ciwon ƙoda, domin zuriyoyi da yawa sun yi jinyar wani a sashen wankin ƙoda na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, kuma kowa ya san wankin nan, da ake maimaita shi sau 2 ko 3 a mako, yana iya cinye jarin rumfa kafin shekara ta zagayo. Sai dai wannan sharaɗi ya fi sauran tsada, tsadarsa tana ƙaruwa da shekarun mutum, yana da wa'adin jira wanda sau da yawa kwana 90 ne, kuma cutar da ba ta cikin jerin ba a biyanta kome tsananinta. A tambaya kuma: abin da za a biya, ƙari ne a kan kuɗin rasuwa, ko daga cikinsa za a zabge? A misali, idan yarjejeniya ta naira miliyan 2 ce aka ba da miliyan 1 don jinya bisa tsari na biyu, to miliyan 1 ce ta rage wa magada.

Sharaɗin haɗari ya dace da masu yawan hawa hanya, kamar masu saro kaya daga Kano ta Damaturu, da masu bin hanyar Dikwa zuwa Gamborun Ngala, da matuƙa Keke Napep. Na kuɗin kwanciya asibiti yana da ɗan amfani ga mai cin na yau da na yau. Na hidimar jana'iza kuwa, a ganina, Musulmi ba shi da wata lalura da shi, tun da likkafani da haƙa kabari ba su taɓa gagarar jama'armu ba. Wakilin da ya nace sai ka ɗauki dukkansu, to ka sani ladan cinikinsa yana ƙaruwa da yawan abin da ka ɗauka.

Babin togaciya shi ne wanda ya fi cancantar a karanta shi da natsuwa a garin nan, domin takardu da yawa suna cire yaƙi, tarzoma da ta'addanci daga abin da suke biya, musamman a ƙarƙashin sharaɗin haɗari, mu kuwa mun san abin da muka gani tun daga 2009. Kada a wadatu da amsar baki. A ce wa wakili ya nuna layin da yatsa. Haka nan mai hawan jini ko ciwon sukari ya faɗa tun farko, ko da za a ƙara masa zubi, domin ɓoyewa ha'inci ne ga sauran masu asusun, kuma hujja ce da za a hana iyalinsa da ita ranar da ba ya nan balle ya kare kansa.

Bayan gobarar Kasuwar Monday ta watan Fabrairun 2023, da kuma ambaliyar madatsar Alau ta ranar 10 ga Satumban 2024, wadda ta shafe wannan yanki na Kwastam, mutane sun zo mini da takardunsu, wasu duk laka ta ɓata, suna neman diyyar buhuna da atamfofi. Babu wani ƙarin kariya a kan takaful na iyali da ke biyan kaya. Kariyar kaya yarjejeniya ce dabam, ta gobara da ambaliya, kuma mai jari a rumfa yana bukatarta a kan kanta.

Saura mas'alar wanda za a rubuta ya karɓa. Ajiyar mamaci tarika ce, ana biyan bashi daga cikinta, a fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura bisa fara'ili. Abin da ya fito daga asusun tabarru'i kuwa malamai sun yi saɓani a kansa, ko gado ne ko kyauta ce ga wanda aka ambata. Don haka mai mata fiye da ɗaya ya tambayi kamfanin a rubuce wane ra'ayi majalisar malamansa ta ɗauka, ya kuma sanar da iyalansa tun yana da lafiya. Kafin sa hannu a tafi da takardar gida, a sami wanda ya iya Turanci ya karanta ta dalla-dalla, a tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, a riƙa karɓar rasit a kan kowane zubi. Idan kuma aka hana mutum haƙƙinsa, hukumar tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma takardar da rasit ɗin nan su za a fara nema a hannunsa.