Dalilin da Fim Kan Ƙi Buɗewa a Kwamfuta

A unguwannin Hausawa na Ikko, kamar su Agege da Idi-Araba da Obalende, tura fina-finai ta zama hanyar cin abinci ga samari da yawa. Mutum ya kafa kwamfuta a ɗan shago, mai saye ya kawo waya ko filas, a zuba masa fim ya biya. Sau da yawa kuwa rigima takan biyo baya. Mai saye ya je gida ya sa fim a kwamfutarsa, sai ya ji magana babu hoto, ko kuwa fim ɗin ya ƙi buɗewa sam, ya dawo yana cewa an cuce shi. Galibi fim lafiyarsa lau, kwamfuta ma haka. Abin da babu shi ne manhajar da ke warware fim, wadda masana ke kira kodek.

Fim jerin hotuna ne da ake nunawa da sauri har ido ya ga kamar motsi. A tsarin talabijin na PAL, hoto 25 ake nunawa cikin kowace daƙiƙa. Hoto guda na faifan DVD yana da ɗigo 720 a faɗi, 576 a tsaye, watau ɗigo 414,720. In kowane ɗigo ya ci bait 3, daƙiƙa guda za ta ci wajen megabait 31. Ke nan faifan CD mai ɗaukar megabait 700 ba zai ɗauki ko rabin minti na fim ba.

Sabili da haka ne ake matse fim kafin a ajiye shi. Alal misali, ga jarumi zaune a ɗaki yana magana. Bango da labule da kujera ba sa motsi, bakinsa da hannuwansa kaɗai ke canzawa. Sai a ajiye cikakken hoto guda, a waɗanda ke biye kuma a rubuta abin da ya canza kawai. Ana kuma zubar da ƙananan bambance-bambancen launi waɗanda ido bai cika lura da su ba. Lokacin kallo, aikin kodek ne ya karanta wannan taƙaitaccen bayani ya sake gina hotunan ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar da ba ta da kodek irin wanda aka matse fim da shi, tamkar mutum ce da aka miƙa wa wasiƙa cikin harshen da bai iya ba.

Hanyoyin matsewa suna da yawa. Wani kwamitin masana mai suna MPEG, wanda aka kafa a 1988, shi ya fito da MPEG-1 na faifan VCD, sa'an nan MPEG-2 na faifan DVD. A 2003 aka fito da H.264, a 2013 kuma H.265, wanda kan rage girman fim kusan da rabi amma yana bukatar kwamfuta mai ƙarfi. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba tsofaffin kwamfutoci na hannu wahala, irin waɗanda ake saya da araha a Computer Village ta Ikeja.

Akwai wani abin da ke rikita jama'a. Haruffan da ke ƙarshen sunan fim, kamar MP4 ko MKV ko AVI, sunan mazubi ne kawai. Ɗan kasuwar goro a Agege ya san ganin huhu ba ya nuna irin goron da ke ciki. Haka fim biyu za su zo da MP4, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya ƙi. Hoto da murya kuma kowanne da nasa kodek, shi ya sa akan ji magana babu hoto.

Maganin ba ya cin ko kwabo. Manhajar VLC, wadda ɗalibai a Faransa suka fara aikinta a 1996, aka kuma sake ta kyauta ga kowa a 2001, tana zuwa da nata kodek iri-iri a cikinta. A sauke ta daga shafin ƙungiyar VideoLAN da ke kula da ita. Ana gargaɗin jama'a da kakkausar murya game da saƙon da kan faɗo a allo yana cewa sai an sauke wani kodek na musamman kafin a ga fim. Tsohuwar dabarar mazambata ce ta cusa muguwar manhaja mai satar lambobin sirri, har da na banki.

Shi kuwa mai shago, ya kamata ya tambayi mai saye irin na'urar da zai yi kallo da ita. In tsohuwa ce, ya ba shi fim na H.264 cikin mazubin MP4, domin kusan kowace na'ura tana karanta shi. In fim ya buɗe amma yana sarƙewa, yawanci ƙarfin kwamfuta ne ya gaza. In kuwa har VLC ta kasa buɗe shi, sai a gwada girman fim ɗin da na asali da ke kwamfutar shago, domin mai yiwuwa an zare filas kafin turawa ta kammala.